Na Ɗauki Mai Haɗa Gahawa

Assalamu alaikum, ƙanena Sabi'u.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Hauwa da yara, yaya zafin Fatakwal? Mu nan Jos sai sanyi da godiyar Allah.

Na bi shawararka, na liƙa takarda a ƙofar shagon gahawarmu cewa ana neman mai haɗa gahawa. Mutum shida suka zo. Duk wanda ya zo, sai in sa shi ya dafa madarar shanu ta garin Vom ba tare da ta kama ba, ya haɗa mini kofi guda, sannan mu zauna in yi masa tambayoyi.

Tun rana ta biyu na san wadda zan ɗauka, wata Ladi daga Anguwan Rukuba. Hannunta ya fi naka, kada ka ji haushi. Amma na yi ta ce musu su dawo, har mako uku. Jiya Ladi ta ajiye mini gahawa ta ce, "Oga, sau huɗu ke nan kana tambayata sunan garinmu. Aiki za ka ba ni, ko hira kake so?"

Kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa. Tun da ka tafi, masu saye da sun shanye suke tashi, ba mai zama a kujerarka.

Na ɗauke ta, na ba sauran haƙuri. Ran Litinin za ta fara.

Ka gaishe da Hauwa, ku sa ni a addu'a. Yau babu wanda zan yi wa tambaya, shi ya sa na zauna ina rubuto maka. Ka amsa, ko layi biyu ne.

Yayanka,
Ɗanlami