Kiɗan da Na Ɗauka na Inna Ne

Bahiya, watan Rajab, 1868

Zuwa ga Yaya Uwani a Ikko,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Isma'ila da yara. Allah ya ƙara miki lafiyar ƙafa. Mu nan ƙetaren teku alhamdu lillahi. Matata Talatu ta haihu, mace, an sa mata sunan Inna. Ni kuwa ina nan ina dako daga bakin jirgi zuwa saman gari, gwiwa na ƙara, tudun kuma bai rage ko taku ɗaya ba.

Yaya, wata kunya na sha, kuma ke kaɗai za ki fitar da ni. Kin san mu 'yan dako ba ma ɗaga kaya mai nauyi sai da waƙa, don ƙafafu su faɗi tare. Bara muka kai fiyano, wato babban akwatin kiɗan Turawa, gidan wani attajiri Baturen Ingila, 'yarsa ta zauna gwada shi, ta buga wani kiɗa. Wallahi sai da na tsaya cak ina saurare. Na rantse wa Ɗanbaba, abokin dakona, cewa waƙar dakan Inna ce ta Bebeji, Turawa suka sace. Na ɗora mata kalmomin da nake tunawa, muka riƙa hawa tudu da ita, ina ta cika baki har a gaban Yarabawa.

Ran nan muna wucewa ta ƙofar gidan da buhunan sukari muna rera waƙar, kakar yarinyar ta sa aka tsayar da mu. Tsohuwa ce tukuf, idonta cike da hawaye. Cikin Fotugis ɗinta mai gargada, wato harshen garin nan, ta ce kiɗan ƙauyensu ne. Wai bayan an gama girbin alkama ake share wani ƙaton rumbu don rawa, maza su jeru nan, mata can, biyun da ke kan layi su ratsa tsakiya har ƙarshe, na bayansu su biyo. Ta ce kakanta ya koya wurin wani makaho mai goge, shi kuma wurin makiyayin tumaki, daga nan ba wanda ya sani. Har ta kama bakin zanenta ta taka mana, da sandarta da komai.

Ta burge ni ƙwarai, Yaya. Shekara arba'in rabonta da gida, amma ba ta yar da ko gaɓa ɗaya ba. Kiɗan ma ya cancanci yabo, tunda ya ratso teku bai canza ba, ya kuma ɗauki mutum takwas da kaya har saman tudu. Ɗanbaba dai ya samu abin tsokanata har gobe.

Abin da ke cina shi ne, da na koma gida na nemi ainihin muryar Inna, sai ta Turawa ke fitowa. Na binne waccan da hannuna. Mahmudu mai kawo miki takardar nan yana da kunne. Don Allah ki zaunar da shi, ki ɗauki taɓarya, ki rera masa har ya riƙe, kafin jirginsu ya juyo.

Ki gaishe da Malam Isma'ila, da yara, Lantana da Audu. Talatu na gaishe ki. Jaririyar na kuka, ni kuma na ƙi yi mata waƙa sai Mahmudu ya dawo.

Ƙaninki,
Zubairu