Baƙona Ya Ce An Yi Masa Wahayi

Malam mai ba da shawara,

Don Allah ka taimake ni kafin Juma'a. Akwai wani Kirista, Aondona, mutumin Makurɗi, ma'aikacin reluwe ne a nan Nguru. Shekara takwas yana zaune a ɗakin soron gidana, ban taɓa jin kansa da kowa ba. Ran Lahadi muna hira a ƙofar gida, sai ya buɗe baki ya ce wai yana karanta Littafinsu Allah ya yi masa wahayi, cewa ya tafi Gashuwa ya nemi gafarar ƙanensa, akawun kantin gyaɗa, wanda suka yi shekara uku ba sa magana.

Malam, wahayi fa ya ce! Maƙwabcina Modu ya kaɗe rigarsa ya tashi. Ya ce mutumin nan annabci yake da'awa, in ban kore shi ba, zai kai magana gun mai unguwa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Tun ranar nake sa masa ido. Na leƙa Littafin, duk ya ja layi da jan fensir. Me yake shiryawa? Kuma akwai abin da ya fi ci mini rai. Da yake maganar, ni yake kallo. Ni ma ina da wa a Gashuwa, Abatcha, mun ɓata kan fadamar mahaifinmu, ko gaisuwar salla babu. Aondona ya sani sarai. Ko dai ƙirƙira ya yi don ya yi mini habaici a gaban mutane? Ina son mutumin nan, shi ya ɗauko mini likita da matata ta kwanta, amma zuciyata ta ƙi natsuwa. In kore shi?

Naka,
Mai Zulumi, Nguru

AMSA

Mai Zulumi, kada ka taɓa kayan mutumin nan.

Modu bai yi laifi ba da ya razana. A bakinmu wahayi na annabawa ne, kuma ƙofarsa ta rufe. Amma na kai takardarka gun Malam Ibram, wani dattijon Kirista mai jera baƙaƙe a maɗaba'armu. Ya ce a wurinsu ma'anar kalmar ita ce Allah ya bayyana abin da mutum ba zai gano da wayonsa ba, kuma sun gaskata ya yi haka ta halittarsa, da ta annabawa, ya cika shi cikin Almasihu. An rubuta, ba mai ƙara ko harafi. In mai karatu ya ce ya sami wahayi, yawanci nufinsa ayar da ya daɗe yana wucewa ce yau ta tsaya masa a zuciya. Mu sai mu ce Allah ya ganar da shi. Baƙonka a tasha da coci ya koyi Hausa, kalma ɗaya ce a hannunsa, ita ya yi aiki da ita. Jan fensir kuwa, Ibram ya nuna mini nasa Littafin, ya fi na Aondona ja.

Ka tambaye shi a gaban Modu ko shi annabi ne. Ina tsammanin zai fi ku firgita. Sa'an nan ka gaya masa nauyin kalmar a kunnen Musulmi, ya kiyaye.

In kana son ma'auni, duba abin da wahayin ya nema. Bai ce a bi shi ba, bai ce a ba shi komai ba. Kansa ya aika ya je ya durƙusa wa ƙanensa.

Batun kallo kuwa, ban san ko ya kalle ka ba. Abin da na sani, cikin mutanen da ke ƙofar gidan, kai kaɗai maganar ta bi har ɗaki. Motar Gashuwa ba ta rasa wurin mutum biyu. Allah ya kai ku lafiya, ka gai da Abatcha.