Gilashin Tagar Inna

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yayana Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna dai tana nan yadda ka bar ta, ba ta sauka daga gado sai an kama ta.

Maganar tagar ɗakinta ce, wadda iskar hadari ta buga gilashin ya tarwatse. Na bi abin da ka ce a waya. Na kira Hyacinth mai gilashi, ya auna, ya sa mai hazo-hazon nan da haske ke shiga amma ba a ganin komai, don kada masu wucewa su riƙa leƙo ta. Aiki ya yi kyau. Sai dai tun ranar Inna ta yi tsit, tuwo ma sai ta tsakura ta ture. Na zaci ciwon ne ya tashi, har na fara shirin asibiti, sai ta tambaye ni a hankali, "Maijidda, Eucharia fushi take da ni ne?" Ka san Mama Eucharia mai shagon kayan ɗinki, kullum in za ta fita sai ta tsaya ta ɗaga wa Inna hannu. Ashe baiwar Allah ba ta fasa ba, tana ta ɗaga hannu ba mai ganinta. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ban tsaya neman izininka ba. Na sake kiran Hyacinth ya cire, ya sa fari garau, na ɗinka labule na rataya inda hannunta zai kai, in ta so sirri ta ja da kanta. Yanzu ga ta can tana yi wa 'yan acaɓa faɗa, tana ba ni labarin wanda ya yi ƙiba a layinmu. In za ka yi faɗa ni za ka yi wa, kuma ba zan canza ba. Kana tsoron a leƙo Inna, Yaya, alhali ita ce mai leƙen mutane, kuma iyakar fitar da ta rage mata ke nan.

Ka gaida Anti Surayya da ɗana Mujahid. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Maijidda