Fistan ɗin da na sa wa injin Gwaggo

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma na riga ku.

Ni makaniki ne a Tasawa. Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun daga yaye, tana da injin niƙa a Attantane, kuma wani dattijo maƙwabcinta, Baba Idi, shi ke tada shi yana yi wa mata niƙa shekara da shekaru. Da injin ya gaji aka kawo mani. Na kai silinda, wato ramin ƙarfen da fistan ke kai da komo a ciki, Maradi aka goge cikinta, ramin ya ƙara faɗi ya koma lamba hamsin, fistan ɗin da na sayo kuwa ashirin da biyar ne. Na tura shi da yatsa, ya sulale kamar cokali cikin kofi. Na san sarai ya yi kaɗan. To amma ranar kasuwa ce, motar ƙauye na jira, ga shi na cika baki cewa yau za a gama. In fito in ce ni, babban makaniki, na yi kuskuren lamba? Sai na ɗaure abina, na ɗura mai mai kauri don ya danne ƙara.

Sati uku ya yi. Ya kama hayaƙi, yana shanye mai, ya tsaya cak ana tsakar kaka. Gwaggo ta kira ni, gaban mutane ta ce, "Ɗana, duba ka gaya mani gaskiya." Na buɗe, na ga aikina ƙuru-ƙuru, na cusa fistan cikin buhu, bakin nan nawa ya ce, "Rashin mai ne." Baba Idi ya ce, "Wallahi kullum sai na duba." Wa zai saurare shi ga maganar makaniki? Nan take ta karɓe makullin ɗakin injin daga hannunsa.

Tir. Wane irin mutum ne ni? Ƙyamar kaina nake, ko tuwo na kai baki warin baƙin mai nake ji.

Jiya bayan azahar sai ga tsohon a garaji da ƙullin wake. Ya ce, "Ɗana, na ɓata maka aiki. Ƙila tsufa ne, na manta ban sani ba. Ka yafe mani." Jama'a, na miƙa hannu na karɓi waken, har na ce masa ba komai.

Fistan ɗin na nan cikin akwatina, lambarsa ɓaro-ɓaro a kansa. In na kai wa Gwaggo, da wane ido za ta sake kallona? In na yi shiru, bawan Allah zai mutu yana zargin kansa. Me zan yi?