Da Godiya

Malbaza, Talata da dare, Satumba 2006

Yau ma gida cike yake da masu gaisuwa: 'yan majami'a, maƙwabtanmu Musulmi, har malaman lakwal, makarantar bokonmu. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Malam Bitrus, ya haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya." Haka ake amsawa, ban san wata amsa ba.

Amma Godiya sunan ɗiyata ne. Shekara da shekaru ni da matata Rahila muna roƙon haihuwa, da Ubangiji ya ba mu muka sa mata wannan suna. Masassara ta ɗauke ta tun ba ta iya faɗin sunan nata daidai ba.

Da marece na tare Fasto a zaure, raina a ɓace. Na ce, "Baba, mi muka yi? Wace Lahadi muka fasa zuwa sujada?" Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Ba horo ba ne, ɗana. Wanda muke bi ma an kafa mashi ƙusa, Ubansa na gani." Sai ya fashe da kuka.

Na yarda da maganarsa, amma ban ji sauƙi ba.

Ya Yesu, gobe za su sake tambayata, zan sake cewa da Godiya. A gidan nan babu ita. A wurinka kaɗai maganar take gaskiya.