Sif ɗin Hasiya

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024
Ranar kasuwa. Wani dogon mutum ya sauke mini kaya a shago da a-kori-kura: gado, sif da teburin madubi, duk ruwan hoda da furanni. Kayan amarya ne, ko makaho ya shafa ya sani. Wai na hannu ya saya, a mayar masa da su ruwan makuba mai duhu. "Ɗakin namiji za su, Kalilu. Kar in ga fure ko ɗaya." Ban san inda ya san sunana ba. Shi bai faɗi nasa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba
Na fara goge gadon da samfefa. Fentin ko shekara bai yi ba. Wace amarya ke sayar da gadonta kafin shekara?

Talata, 8 ga Oktoba
Innalillahi. Na buɗe sif don in cire ƙofa, sai ga rubutu da biro daga ciki: Hasiya Yahya. Rubutuna ne. Ni na yi wa kayan nan fenti bara, na sa suna don kar su haɗu da na wata. Ubanta Malam Yahya ya zo ɗauka da kansa daga ƙauyensu can bayan Farfaru, yana ta dariya wai furannin sun yi yawa. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa da damina, suka tafi da mata. An ce har da ita.
Na zauna a kan gwangwanin fenti har azahar.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na gaya wa matata Khadijatu. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, rufa mana asiri. Ka shafe, ka ba shi abinsa." Na ce to. Ban ci tuwon ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Dogon mutumin ya zo bayan masallaci. Ya ga ko shafi ɗaya ban yi ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya leƙa cikin sif, ya daɗe, sannan ya tambayi lafiyar iyali. Ya ce gidana ne mai jan ƙyaure kusa da injin niƙa, ko? Na ce shi ne. Ya ce, "Unguwa mai kyau."

Asabar, 12 ga Oktoba
Shafi biyu yau. Na sauya mariƙan durowa da baƙin ƙarfe. Sunan ma na bi shi da buroshi. Abin haushi, aikin ya yi kyau. Allah ka yafe mini.

Litinin, 14 ga Oktoba
Sun kwashe kayan. Direban ya ce Magama za su bi, su tsallaka iyaka. Duk babur da ya rage gudu a ƙofar shago sai gabana ya faɗi.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Ba na buɗe shago sai rana ta ɗaga. Khadijatu ta daina zuwa niƙa da kanta.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Malam Yahya ya zo. Da ƙyar na gane shi, ya rame, riga ta yi masa yawa. Suna zaune a gidan ƙanensa a nan cikin gari. An sako Hasiya, alhamdulillahi, amma mijinta da aka haɗa da shi bai dawo ba. A tabarma take kwana, ga ciwon baya. Ko ina da ɗan tsohon gado? "Ba sai mai ado ba, ɗana. Wanda dai za ta miƙe a kai."
Na shiga ciki in duba masa. Na tsaya ina kallon bango. Da na fito sai na ji bakina yana magana. Na faɗa masa duka, har launin motar da lambarta. Ban yi niyya ba, wallahi.
Ya ce gobe zai je wurin hukuma, ba zai ambaci sunana ba.
Na ce ya biyo ta nan da safe mu tafi tare. Hanya ɗaya ce ai, kuma bai san ofishin ba.
Ban gaya wa Khadijatu ba tukuna.