Kofin da Na Mayar wa Goni

Yaya Faridatu,

Gaisuwa mai yawa daga Diffa. Ina Inna da yara? Ki ce mata ɗinkin hanjin ya kama. Jinin ne bai dawo ba. Daga lakwal, wato makaranta, zuwa gida sai na huta sau biyu.

Likita ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ya hana ni shayi, wai yana rage musu ƙarfi. Ni kuwa ba ni da kowa nan sai fadar maƙwabcina Goni, inda ake taruwa shan shayi. Ranar da ya miƙo mini kofi a gaban kowa, na mayar masa ban sha ba. Kunya ta hana ni komawa. Kullum la'asar ina jin dariyarsu ta katanga.

Ki aiko mini busasshen zogale. Ki riƙa kirana da la'asar kuma, ko babu labari.

Ƙanenki,
Almustapha